Tafiyar da Ba a Rufe Ba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kana sa wani abu a cikinka, kana kuma runtsawa ko yaya ne. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da ka sani. Jiya na yi waya da Ummanka. Masu zuwa gaisuwa sun fara raguwa, ƙannenka sun koma makaranta. Allah Ya jiƙan Babanka, Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Na kira ka har na gaji. Ban yi fushi ba. Abokin Babanka, wanda kuke ce wa Kawu Birki, ya gaya mini kana ganin kiran, kallon wayar kawai kake yi har ta katse. To, tunda baki ya ƙi, bari mu gwada hannu. Direbobin da nake koyarwa ba sa rabuwa da hanyar iyakar nan, zan riƙa ba su saƙo, kai ma ka ba duk wanda ya kawo maka. Ka yi dariya in ka ga dama: matar da kullum take gaban aji tana ce wa mutane zamanin takarda ya wuce, yau ga ta a shago tana tambayar ambulan. Mai shagon sai da ya hau kujera kafin ya lalubo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ummanka ta ce ta bar ka a iyaka ka taho da motar kayan Babanka, amma an ƙi sakinta, ita kuma ba ta gane dalili ba. Ni zan gane. Sabon tsarin nan da ya mayar da takardun kaya cikin kwamfuta, shi nake koya wa direbobi da ejan-ejan tun ranar da aka kawo shi. Babu lungun da ban sani ba a cikinsa. Saboda haka kada ka rubuto mini abin da mutanen tasha ke cewa, kowannensu da nasa labarin. Ka je taga, ka roƙi ma'aikacin ya juyo maka allon, ka kwafo mini abin da ke rubuce yadda yake, kamar yadda kuke kwafar sunan magani a makarantarku, ba ragi ba ƙari.

Ka kuma tuna jarrabawarka ta ƙarshen shekara ba ta san an yi rasuwa ba. In ta wuce ka, shekara guda ta tafi. Mu gama da motar nan ka koma.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso da ɗan tabon mai a gefe. Lafiyata ƙalau. Ina ci. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa, ki daina shan maganin nan ciki babu komai.

Ga yadda wurin yake. Shinge biyu ne, namu da nasu, tsakaninsu dogon fili, motoci jere a layi. Baba ya wuce namu, ya dangwala yatsa, an ɗaga masa. Yana cikin layin nasu ya ja birkin hannu, ya kifa kansa a kan sitiyari. Layi ya matsa, shi bai matsa ba. Kawu Birki ne a bayansa. Ya ce ya yi ta danna hon, daga baya ya sauko da niyyar ya zage shi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin nan, kuma kullum a wurin zagin yake tsayawa.

An tura motar gefe, jikin katanga. Tayil ne a ciki, na daɓen ɗaki. Da tumatir ne ko kifi, da tuni wari ya sa wani ya yi wani abu. Tayil ba ya damun kowa.

Na je tagar ɓangarenmu. Mace ce, mai kirki, tana da ƙaramar fanka a kan tebur. Allonta ya ce: "Ya fita. An miƙa bayanai." Ta ce da zarar an miƙa, hannunsu ya fita, ko wasali ba za su iya canzawa ba. Na taka zuwa tagar can. Namiji ne, shi ma ba laifi. Nasa allon ya ce: "Ana jiran isowa. Direba yana kan hanya." Ya ce abin da bai iso ba, ba shi da ikon taɓa shi. Kawu Birki ya ce, "Ranka ya daɗe, leƙo mana, ga motar can kana ganinta." Ya ce yana ganinta. Ya ce kwamfutar ce ba ta gani.

In za a canza direba, sai tsohon ya dangwala yatsa ya miƙa wa sabon. Abin da suka ce ke nan, su biyun.

A cikin motar nake kwana, a gadon da ke bayan kujera. Bargonsa yana nan, da silifas, da madubin karatunsa a cikin kofi. Ban taɓa komai ba, na dai matsar da kofin. Direbobi sun ji ina karatun haɗa magunguna, sun sa mini Likita. Da safe sai su taru a ƙofar motar, wannan baya, wannan basir, wannan ido. Wani ya ce, "Likita, ba ka da na kashe kwamfuta?" Suka yi dariya. Na ga ya kamata in yi, sai na yi.

Wayar Baba tana wurina. Kowace safiya saƙo yana shigowa daga tsarinku, yana tuna masa tafiyarsa ba ta ƙare ba.

Ɗanki

*

Ɗana Likita,

Sunan ya dace, Allah Ya tabbatar. Ina gaishe ka, ka gaida Kawu Birki, ka ce na gode da tsayuwar da yake yi. Gwiwa da sauƙi, kuma na ji gargaɗi, yanzu sai na ci nake sha.

Madalla da wannan bayani, ka rubuta shi tsaf. Karatu ɗaya na yi na gane inda aka maƙale, kuma albishirinka, akwai mafita. Waɗanda suka gina tsarin nan ba su manta ana mutuwa ba. Akwai sashen larura: hatsari, gobara, rashin lafiya, rasuwa. Ma'aikatan taga ba su cika buɗe shi ba, har su manta yana nan. Darasi ne da nake koyarwa a makon ƙarshe, lokacin da rabin aji ya fara hamma.

Ka ɗauki takardar shaidar rasuwa da asibiti suka bayar, da katin shaidarka, ka koma wurin mai fankar nan. Ta buɗe tafiyar, ta duba can ƙasa, ƙarƙashin sunan direba, akwai ƙaramin rubutu da ke cewa "Rahoton larura". Ta ɗauki hoton takardun ta saka. Daga nan saƙo zai tafi ɓangaren can da kansa, su amince, sai a ba ka damar sa sabon direba. Ka gaishe ta da kyau, ka yi magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ke son a nuna masa aikinsa a gaban layi.

Na ga ka rubuta "tsarinku". Na daɗe ina kallon wurin. Ɗana, kai ba ka san yadda ake yi a da ba. Babanka yakan shafe kwanaki a iyakar nan da jakar takardu a hammata, kowane tebur da nasa tambarin, in ruwa ya jiƙa guda ɗaya a koma farko. Sau nawa ya dawo gida ƙafa a kumbure saboda tsayuwa? Ranar da ya fara wucewa da dangwala yatsa kawai, kirana ya yi yana ihu kamar yaro, wai, "Yaya, ko shayina bai huce ba!" Ni na koya masa da hannuna, yana danna allon da ƙarfi kamar zai huda shi. Kada ka ɗauki abin nan abokin gaba. Mutane suka yi shi, in ya karkace mutane ke miƙar da shi.

Wayar Babanka kuwa, ka kashe ta ka sa a jaka. Ka buɗe littattafanka, ko shafi biyu ne a rana.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya lau. An yi ruwa, filin ya cika da taɓo, yanzu ya bushe.

Ban rubuta "tsarinku" da wata manufa ba. Sunansa ne ban sani ba.

Na yi yadda kika ce. Mai fanka ta samu rubutun, har ta ce ashe akwai wannan. Ta saka takardun. Sai allon ya tambayi ƙasar da abin ya faru a cikinta, ga zaɓi biyu. Ta zaɓi tamu, ya ce direba ya riga ya fita daga nan. Ta zaɓi tasu, ya ce wannan ba hurumin tagarta ba ne. Na je can, mutumin ya gwada, ya ce direba bai shigo ba tukuna. Babu zaɓi na uku. Mai fanka ta ba ni ruwa mai sanyi.

Akwai wani ejan a nan, Yanzu-yanzu suke ce masa. Ya same mu a wurin mai shayi ya ce, "Likita, kai da Gwaggonka doguwar hanya kuke bi. Wa ya ce sai an gaya wa kwamfuta an mutu? Ita ta tambaye ku?" Ya ce in na yarda, Kawu Birki ya ja motar zuwa shinge, a rubuta yatsan direba ya ƙi karantuwa, abin da ke faruwa kullum ga masu taɓa baƙin mai. A ɗaga shinge. A can sito ma a rubuta haka. A cikin kwamfuta Baba ya kai kayansa ya sauke lafiya, shi ke nan. Kawu Birki ya ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka, mamaci ma sai ka sa shi aiki." Yanzu-yanzu ya ce, "To shi da wanne ya fi so, a ce ya kai ko a ce ya kasa?" Kawu Birki ya janyo shayinsa. Ya yi ta juya cokali a kofi.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

An liƙa wa gilashin motar wata jar takarda. Wai in ta ƙara daɗewa za a ja ta zuwa filin kayan da aka yi watsi da su. Ana hango filin daga nan, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyin wasu.

Littattafan suna jaka. Ba na jin gaggawar komai, Gwaggo. Na fara sabawa da wurin nan.

Ɗanki

*

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ummanka lafiya, ƙanwarka ce ta yi zazzaɓi, ta warke.

Kada ka kuskura. Na sake faɗa, kada ka kuskura ka bi shawarar ejan nan. In aka kama, Kawu Birki ne zai rasa lasisinsa, ba Yanzu-yanzu ba. Ko ba a kama ba, abin da aka shigar ƙasashe biyu ke karantawa, kuma ba ya gogewa. In aka rubuta Babanka ya sauke kaya bayan ranar da ke kan takardar asibiti, gobe Ummanka ta je neman wani haƙƙi nasa, sai a juyo mata allo a ce ga shi nan yana tuƙi. Da ransa bai sa hannu a kan ƙarya ba, ba za mu fara masa yanzu ba.

Zaɓi na uku kuwa, gaskiyarka, babu shi. Na zauna da kwamfutar gwaji ta ajinmu na bi duk hanyar da na sani, inda ka tsaya nan na tsaya. Kunya ta kama ni, ban ɓoye maka ba. Na rubuta wa ofishin haɗin gwiwa, inda ma'aikatan ƙasashen biyu ke zama tebur guda, na kuma bi da ƙafata, gwiwa ko ba gwiwa. Akwai wata ɗalibata a can, yarinya mai kai. Ta ce ba a taɓa kawo musu irin wannan ba, amma za su buɗe rahoton daga sama, ɓangarorin biyu su amince lokaci guda. In sun gama, abu ɗaya zai rage: magaji ya je taga ya tabbatar. Kai ke nan.

Sai dai ƙarshen wasiƙarka ya hana ni sukuni. Mene ne "na fara sabawa"? In direbobin nan sun fara zuga ka ka gaji sitiyari, ka gaya mini tun wuri. Sana'a ce mai daraja, ita ta rene ka, amma ba don ka dawo gare ta Babanka ya kai ka makaranta ba. Ka ba ni amsa a fili.

Gwaggonka

*

Ɗana,

Ina fata lafiya. Na sa direbobi su duba mini kai, duk sun ce sun gan ka zaune a kan matakalar mota, ka ce a gaishe ni. Gaisuwa ta iso. Amsa ba ta iso ba.

An gama. Ɗalibata ta kira ni tun makon jiya, ɓangarorin biyu sun amince. Na san mai fanka ta gaya maka, domin ta rubuta a ciki cewa ta sanar da magaji. Kullum in na shiga ofis sai na sa a duba mini, kullum abu ɗaya: "Ana jiran magaji." Tsakaninka da tagar nan bai kai daga ɗakinka zuwa bakin titi ba.

Ban gane ba. Na zubar da girmana a ofisoshi, na roƙi yaran da na koyar, an yi abin da ba a taɓa yi ba, kai kuma ka zauna kana raba shawarar ciwon baya. An fitar wa abokan karatunka jadawalin jarrabawa. Jar takardar nan ba ado ba ce. In fushi kake da ni saboda na ce akwai mafita aka tarar babu, ka faɗa, zan ɗauka. In kuma ejan nan ne ya shiga kanka, shi ma ka faɗa. Shirun ne ba zan iya ba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau. Ki yi haƙuri da shirun. Ba fushi nake ba, kuma ba na son zama direba, ko juya motar nan ban iya ba. Yanzu-yanzu ya daina kula ni, ya samu wasu.

Na je tagar. Tun ranar da ta gaya mini na je. Ta juyo mini allon, ga sunan Baba, ga hotonsa na lasisi, wanda ya ɗaure fuska a ciki. A ƙasa an rubuta: "Na tabbatar direban da ke sama ya rasu." Sai wurin dangwala yatsa, yana haske kore. Na tsaya. Na bayana suka fara tsaki. Na ce mata na manta katina a mota, alhali yana aljihuna. Washegari na koma, na kai tsakiyar layi na fita. Yanzu ba ta tambayata, in ta hango ni sai ta ɗaga hannu kawai.

Ban san yadda zan yi miki bayani ba. Ranar jana'iza ni na shiga kabari na karɓe shi. Na ji nauyinsa a hannuna, na ji ƙasa a tsakanin yatsun ƙafata, ban ji komai ba bayan wannan. Mutane suna ta cewa in yi haƙuri, ni kuwa ina laluben abin da zan yi haƙurin a kansa ban samu ba. Har yau haka nake. Kamar an yi mini allurar kashe zafi, aka manta ba a yi aikin ba.

Ba wai na ɗauka yana da rai ba ne, hankalina ɗaya. Amma a duk duniya wuri ɗaya ya rage da ake cewa yana kan hanya. Kin ce in kashe wayarsa, ban kashe ba. Saƙon ya shigo da safe, in karanta, in mayar da ita aljihun ƙofa, sannan in iya sauka in wanke fuska. Asibiti sun rubuta nasu, liman ya yi nasa, duk ba wanda ya tambaye ni. Wannan kuwa yatsana yake jira. In na dangwala, ni na ce.

Na san da jarrabawa. Na san da jar takarda. Ina kallonsu kamar na wani ne.

Ɗanki

*

Ɗana,

Na karanta. Lafiya nake. Na yi maka faɗa a kan abin da ban fahimta ba.

Ni na goyi Babanka. Ina 'yar ƙarama, ƙafafunsa suna kusan taɓa ƙasa, in na gaji sai in jingina da bango da shi a baya. Tun ranar da aka kira ni ban zauna ba. Na rubuta wasiƙu, na hau benaye, na gyara darasi. Jiya ina gaban aji na zo kan sashen larura, na buɗe baki zan ce "misali direba ya rasu a hanya", yadda na saba faɗa. Sai na ga ina kallon bango. Ban san tsawon lokacin ba. Wani dattijo a layin gaba ya ce, "Malama, ko mu je mu sha iska?" Suka fita a hankali kamar daga ɗakin mara lafiya. Ban yi kuka ba. Na goge allo, duk da ban rubuta komai a kai ba.

Na ce maka kullum ina sa a duba mini. Haka ne. Amma a saman "Ana jiran magaji" akwai layin da ke cewa yana kan hanya, kuma shi nake fara karantawa.

Ba ni da mataki na ɗaya da na biyu da zan ba ka wannan karon. Abin da na sani, ƙanena ya ɗauko kayan mutane, kuma suna jibge a jikin katanga. Ba kai za ka kashe shi ba, ɗana, Mai shi ya riga ya karɓi abinsa. Sauke masa kawai za ka yi.

In ka tashi zuwa, kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da Kawu Birki.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwa ta bar ki kin huta. Daga sito nake rubuto miki, a can ɓangaren. Ki gaya wa Umma gobe muna hanya in Allah Ya so, daga gida zan wuce makaranta. An ce zan samu jarrabawar, sai dai ban san me zan rubuta ba.

Mun je da Kawu Birki. Ya sa riga mai tsabta. Muka shiga layi. Da muka kai, mai fanka ta kashe fankarta, ban san dalili ba. Na dangwala. Bai karanta ba, ta ce in goge yatsan a riga. Na sake. Allon ya ce "An karɓa", sai ya nemi sabon direba, Kawu Birki ya sa nasa. Duka abin bai kai shan kofin ruwa ba. Na jira in ji wani abu. Na bayana ya ce, "Malam, in ka gama ka matsa."

Batir ya mutu, sai da aka jona mana da wata motar. Direbobi suka taru suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Wani ya ce, "Likita, wa ka bar mana? Ciwon bayan nan fa bai warke ba." Na ce ya daina ɗaga taya shi kaɗai. Mutumin tagar can ya fito da kansa ya kankare jar takardar da makulli. Kafin mu kai shingensu ya ɗaga, bayanan sun riga mu isa. Haka tsarin yake yi in yana aiki, na gani.

Kawu Birki kuwa ko kaza ya hango daga nesa sai ya taka birki, na gane inda sunan ya samo asali.

A sito wani dattijo ne mai karɓar kaya, da na'ura rataye a wuya. Ya ga lambar mota, fuskarsa ta washe, ya zagayo wajen ƙofar direba yana cewa, "Kai, mutumin banza, sai yau? Da hannu ka turo ta?" Sai ya ga Kawu Birki. Ya duba na'urarsa. Abin da ta nuna masa kawai shi ne an canza direba. Ya ce, "Ina mai motar?"

Kawu Birki ya sunkuyar da kai. Sai na ce, "Ya rasu. Ni ɗansa ne."

Dattijon ya cire na'urar daga wuya ya ajiye a kan kwali. Ya yi salati, ya yi addu'a, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Daga baya ya shiga ciki ya fito da wata kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya. Ya ce a kanta Baba ke zama in ana sauke masa kaya, yana yi wa 'yan dako tsiya wai sun fi tayil nauyin jiki. Ya ce in zauna.

A kanta nake rubuta wannan. Suna ta saukewa, kwali bayan kwali, ba ko ɗaya da ya fashe. Gwaggo, ashe in ana sauke wa mota kaya ɗagowa take yi. Kaɗan-kaɗan, ba a ganewa sai an lura da tazarar da ke tsakanin taya da jikinta. Tun ɗazu ita nake kallo.

Ɗanki